Canjin aisi da bawul a amfilifayar hedifon: ina kuɗinmu ke tafiya?

'Yan uwa masu harkar sauti na Zariya, musamman mutanenmu na Samaru da Kongo, yau zan faɗi abin da ba zai yi wa wasunku daɗi ba. Yawancin kuɗin da muke kashewa wajen sayen aisi (IC, ɗan ƙwayar lantarkin nan da ake dasawa a allon na'ura) mai ƙafa takwas muna cusawa a amfilifayar hedifon, asara ce. Canjin bawul kam yana da hujja, amma shi ma ba irin hujjar da masu talla ke bayarwa ba.

Ga wanda bai san zancen ba, amfilifayar hedifon ɗan akwati ne da ke shiga tsakanin waya ko kwamfuta da hedifon, yana ƙara wa sauti ƙarfi. Wani a cikinsa akwai aisin da ake kira op-amp, yana zaune kan soket, za ka iya zare shi ka sa wani. Wani kuma bawul ne, kwalbar gilashin nan mai jan garwashi a ciki, irin ta rediyon kakanninmu. To akwai masu sha'awar yi ta canza su, wai suna neman sautin da ya fi.

Bari in fara da aisi, don a nan ne aka fi yaudarar kai. Op-amp in aka sake shi yana iya ninka sigina sau dubu ɗari ko fiye. Amfilifayar hedifon kuwa abin da take buƙata bai wuce ninki biyu zuwa goma ba. Ina sauran ƙarfin ke tafiya? Ana ɗebo wani ɓangare na abin da ya fito a mayar da shi ƙofar shiga, aisin ya riƙa gwada abin da ya fitar da abin da aka ba shi, yana gyara kansa ba tsayawa. Rizisto biyu da ke gefensa su ke yanke yawan ninkin, ba shi ba. Kamar mai awon masara ne a kasuwar Sabon Gari: ko wa ka ɗora a kan buhun, mudu ne ke faɗin magana. In an tsara da'irar da kyau, kuma aisin ya dace da ita, bambancin da ke tsakanin mai arha da mai tsada yana can ƙasa da inda kunnen ɗan Adam ke kaiwa.

NE5532, op-amp mai arhar nan da ake rainawa, kamfanin Signetics ne ya fito da shi tun 1979, kuma cike yake a na'urorin haɗa sauti na situdiyo a duniya. Kiɗan da kake saurare mai yiwuwa ya ratsa ta cikin irinsa da yawa kafin ya iso wayarka. Sai a mataki na ƙarshe, a ɗakinka na Hayin Dogo, za ka ce shi ne ya shaƙe sautin?

Na san amsar: "Ai ni da kunnena na ji bambanci." Ban ce ƙarya kake ba. Amma kafin ka kashe, ka kwance murfi, ka zare, ka sa, ka kunna, mintuna sun wuce, alhali kunne ba ya riƙe ainihin kamannin sauti sai na 'yan daƙiƙu. In kuma ƙara ta ɗan ƙaru, ko da desibel ɗaya ne, ƙwaƙwalwa ba ta cewa "an ƙara", cewa take "ya fi daɗi". Sannan ka biya kuɗi, ka jira kaya sun zo daga China. Zuciya ba ta son jin cewa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokutan da bambancin gaskiya ne, amma bambancin ɓarna. Aisi mai saurin gaske in aka dasa shi a allon da ba a tsara don shi ba, yakan kama kaɗawa shi kaɗai a mitar da kunne ba ya ji. Sai sautin ya yi kaifi, mai shi ya ce "ka ji yadda komai ya fito fili", alhali aisin zafi yake yi har ba ka iya barin yatsa a kansa. Ga misalan wasu aisin: OPA637 ba ya zama lafiya sai ninki ya kai biyar. AD8620 iyakarsa bolt 13 sama da ƙasa, ga amfilifayoyi da yawa suna ba da 15. OPA627 guda ɗaya ne a cikin jikinsa, ba tagwaye ba, ƙafafunsa ba su yi daidai da soket ɗin NE5532 ba sai da adafta. In kuma ka cire mai ƙofar FET, wato wanda ƙofar shigarsa kusan ba ta jan wuta, irin OPA2134, ka sa NE5532 a da'ira mai manyan rizisto, wutar DC, irin ta batir, kan iya fitowa a bakin hedifon, maɓallin ƙara ya riƙa ƙarar yashi in ka murɗa. Duk wanda zai canza aisi, ya sa mita a bakin fita tukun, kafin ya jona hedifon mai tsada.

Ga jabu kuma. Wani ƙanena ya sayo OPA2134 ta intanet a farashin da bai kai na kwanon shinkafa ba, yana ta yabonsa. Muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Ya ɗora shi a tafin hannu, ya gyara tabarau, ya juya mitarsa zuwa gwajin dayod, ya taɓa ƙafa ta biyu da ta uku. Mita ta nuna kusan 0.7. Ya juya wayoyin, ta sake nunawa. Ya ce, "Ɗana, wannan ba shi ba ne. 5532 ke da dayod tsakanin ƙafafun nan. An kankare masa suna ne aka rubuta wani." Yaron ya ce, "Baba, amma wallahi sautinsa ya fi." Dattijon ya miƙa masa abinsa, ya ce, "To ai sai ka ci gaba da ji." Wanda yaron ya cire daga amfilifayar ya ajiye a gwangwani, shi ma 5532 ne.

Bawul labarinsa daban. Da'irorin bawul da yawa ba su da wancan gyaran kai, ko kuma kaɗan ne, don haka halin kwalbar yana fitowa a sauti. Bawul biyu masu lamba ɗaya daga masana'anta ɗaya ma sukan bambanta a awo, shi ya sa ake sayar da su a haɗe bibbiyu bayan an gwada. Suna tsufa. Wani in ka ƙwanƙwasa gilashinsa da farce za ka ji "ting" a kunnenka, wani yana da shuu a ƙasa. Bawul mai lamba 12AX7 ninkinsa 100 ne, 12AT7 60, 12AU7 bai wuce 20 ba, kuma duk ƙafafunsu iri ɗaya. Ka ga a nan in mutum ya ce ya ji canji, ba ni da ta cewa.

Sai dai shiga soket ba shi ne dacewa ba. Bawul 6922 fitilar da ke ɗumama shi na jan miliamf 300, 6N1P na Rasha na jan kusan 600, ga shi yana zama daram a gurbin 6922. Ƙaramar taransifoma za ta yi ta ɗaukar nauyi ninki biyu, a zafin watan Afrilu na Zariya, har ranar da za ka ji ƙauri. Kuma a amfilifayar bawul ta gaske akwai bolt ɗari biyu ko fiye, kafasita na riƙe da shi ko bayan ka zare filogi. Kada ka sa hannu a ciki in ba ka san yadda ake sauke ta ba. Ka bari kwalbar ta huce, ka zare ta a hankali kana ɗan jijjigawa. In azurfar da ke saman gilashin ta koma fari, iska ta shiga, ta gama aiki.

Game da tsofaffin bawul ƙirar Mullard na Blackburn a Ingila da Telefunken na Jamus, kaya ne masu kyau, ba musu. Amma an daina yin su shekaru da dama, kuma sunan Mullard da Tung-Sol da kake gani a sababbin kwali yau daga masana'antar Saratov ta Rasha suke fitowa. Bawul ƙirar JJ kuma a Slovakia ake yi. Ba aibi ba ne, amma ka san abin da kake biya. Ni a ganina sabon JJ da aka gwada ya fi tsohuwar kwalbar da ba ka san hannu nawa ta ratsa ba.

Ƙananan akwatunan nan na China masu bawul 6J1 guda biyu da shuɗiyar fitila a ƙarƙashi, shuɗin nan LED ce, ado ne kawai. A yawancinsu aisi ko taransista ne ke tura hedifon, bawul ɗin ɗan ɗanɗano yake ƙarawa. In kana son wasa, sa 5654 ko 6AK5, suna shiga kuma ba su da tsada. Kada dai ka sayi kwalbar da ta fi akwatin kuɗi.

Mu a nan abin da ke ɓata mana sauti ba ya cikin soket. Gidaje da yawa ba su da wayar lantarkin da ake binnewa a ƙasa (earth), shi ya sa kake jin "huuu" da zarar ka jona caja. Inbata mai arha da ƙaramin janareta suna zuba datti a layi. Wutarmu 230 ce, wanda ya sayo amfilifayar Amurka mai 120 ya jona kai tsaye ya gama da ita. Da hunturu kuwa, jikinka ma na tara wutar da za ta iya kashe aisi, sai ka taɓa ƙarfe kafin ka ɗauke shi. Ga kuma dacewar hedifon: amfilifayar bawul marar taransifomar fita tana son mai om 300 irin Sennheiser HD 600, in ka sa mata ɗan iyafis mai om 16 bes ɗin zai kumbura ya yi taushi, kuma babu kwalbar da za ta gyara wannan. Kiɗan kalangun da aka kwafo daga kaset, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ya gaji, shi ma Telefunken ba zai dawo masa da abin da ya zube ba.

Wanda ke ganin zai iya bambance aisinsa mai tsada da NE5532, ya zo da shi ranar Asabar bayan La'asar. Ina da amfilifaya biyu iri ɗaya. Za mu daidaita ƙararsu da mita, mu rufe su da kwali, wani ya riƙa canza wayar hedifon daga wannan zuwa waccan ba tare da ka gani ba, sau goma. In ka ci tara, shayi da tsire a kaina, kuma zan rubuta a nan cewa ka ci.