Sallah daga tsayin yaro

Jiya da daddare na sake kallon wani fim na ƙasar Iran, wanda Jafar Panahi ya ba da umarni a 1995, Abbas Kiarostami ya rubuta. Ma'anar sunansa Farar Balan-balan. Har yanzu bai sake ni ba.

Labarin bai fi cikin cokali ba. Wata yarinya 'yar shekara 7 a Tehran tana son kifin ado kafin Nowruz, sabuwar shekararsu da ke zuwa a watan Maris. Ta matsa wa uwarta lamba har ta ba ta takardar toman 500, sai kuɗin ya zurma ta tsakanin ƙarafa ya faɗa ƙasan wani shago da ke kulle. Daga nan sai zama a bakin ramin tana leƙe, manya na wucewa kowa da uzurinsa. Da wannan aka ci kyautar Caméra d'Or, wadda ake ba fim ɗin farko na mai ba da umarni, a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa.

Ni dai kaina na gani. Ina ɗan shekara takwas, ranar jajibiri, na zauna a shagon tela tun la'asar har bayan isha. Shaddata na nan a ninke ƙarƙashin tulin kayan mutane, ko yankawa ba a yi ba. Ƙarar keken, ƙyallayen da ke zube a ƙasa, fitilar da ke ta lumshewa, da "yanzun nan, yaro" da yake ta maimaitawa bai ko ɗago kai ba. Wallahi duk duniyata a daren nan ba ta wuce wannan yadin ba.

Shi ya sa nake roƙon matasanmu masu riƙe kyamara: ku yi mana gajeren fim, ko na minti goma ne, a kan Sallah yadda yaro yake ganin ta. A sauke kyamarar zuwa tsayinsa, kada a ɗaga. A Hawan Daushe yaro ba ya hango Sarki. Ƙafafun dawaki yake gani, da ƙura, da gefen rigar dogari ja da kore, sai ƙarar bindiga ta sa ya damƙe hannun yayansa. A bar mu mu ji algaita daga nesa, ba waƙa, ba doguwar magana. Ko kuma a bi sabuwar takardar barka da Sallah da ya dunƙule a tafinsa har ta jiƙe da gumi.

Na san za a ce ba zai kawo kuɗi ba. Tun Turmin Danya a 1990 kasuwa ce ke jan ragamar fim ɗin Hausa, ban kuma raina wannan ba, mutane na ci da iyalinsu. Amma minti goma fa? Waya mai kyau da haƙuri sun isa.

A ƙarshen fim ɗin Iran, wani yaro ɗan Afganistan mai tallan balan-balan ne ya taimaka aka ciro kuɗin da sandarsa. Yarinyar da yayanta suka ruga abinsu, aka bar shi zaune shi kaɗai. Nan na tuna almajirin da ke tsayawa ƙofar gidanmu da robarsa ranar Sallah, muna fitowa cikin sababbin kaya, yana matsawa gefe ya ba mu hanya.