Ƙwarin nan sun ishe ni wallahi

Haba! Tafiyar dare ɗaya kacal amma gilas da bamba da madubin gefe duk sun yi dama-dama da gawar ƙwari, fitila ce ke janyo su. Ni kuma da lalaci na bar motar kwana 3 a rana, ashe ruwan cikinsu cin fenti yake, zafi ya gasa shi ya manne kamar gam. Na sa soso na dirje, sai ga zane-zane a bonet, takaici kamar in yi kuka. Yanzu dai tsumma mai laushi nake jiƙawa da sabulun mota in shimfiɗa minti 10, su saki da kansu, in ɗauraye in shafa folish. Omo kam na daina, wanke folish ɗin yake tas.