Yadda Na Zubar da Nasarata a Kwandon Shara Sau Huɗu

Aikin da malamina ya ɗora mini a ɗakin gwaje-gwaje, a faɗarsa, ko ɗan shekarar farko zai iya shi: in haɗa siririn gilashin silika ta hanyar sol-jel, in kulle rini a cikinsa, domin ya riƙa sauya launi duk lokacin da ya shaƙi amoniya. Ana zuba sinadarin TEOS, wani ruwa da silika ke samuwa daga gare shi, a cikin etanol, a ƙara ruwa da ɗigon asid, a yi ta juyawa har ƙwayoyin silika su fara kama hannun juna su zama raga, ruwan ya yi kauri ya koma jel. Idan ya bushe, sai ya bar ƙananan ramuka waɗanda iska ke iya ratsawa, alhali rinin yana tsare a ciki. Daɗin abin shi ne ba a buƙatar wutar da ta haura digiri 1,000 kamar yadda ake narka gilashi, wadda da tuni ta ƙone rinin ƙurmus.

Ebelmen, masanin sinadarai na Faransa, wanda ya lura da wannan daskarewa a 1846, barin sinadarinsa ya yi danshin iska ya yi aiki a hankali. Ni kuwa ba a halicce ni da wannan haƙuri ba. Jel ɗina na farko na cusa shi a tanda domin ya bushe kafin yamma, ruwan da ke ficewa daga ramukan ya ja bangonsu da ƙarfi, na dawo na tarar da tarin ɓaraguzai kamar an jefi taga. Na biyu kuma na mance da shi na dogon lokaci, ya daskare da maganaɗisun juyawa a tsakiyarsa.

Daga baya hannuna ya faɗa. Na tsoma ƙananan faifan gilashi a cikin ruwan, na zaro su sannu a hankali, suka fito garau da launin rawaya, wanda shi ne launin rinin bromotaimol bulu a cikin asid, kafin ya koma shuɗi idan pH, wato ma'aunin asid, ya wuce 7.6, kamar yadda amoniya ke sa shi ya yi. Na jera su a kan teburi na tafi ina jin kaina. Da safe na tarar da su shuɗi fat, alhali ban kusantar da su ga komai ba. Na yanke hukunci cewa sun lalace, na zuba su a shara, na sake sabo. Haka na yi har sau huɗu cikin mako uku, ina sauya yawan ruwa, ina zargin asid, ina zargin rinin, har na fara zargin kwalabena.

Da abin ya ishe ni, na kai wa malamina faifan na ce, “Ranka ya daɗe, wannan haɗi ba ya jin magana, kullum da kansa yake rikiɗa.” Ya ɗaga faifan ya duba, ya bi ni har teburina, ya tsaya ya ja numfashi sau biyu, sannan ya nuna teburin maƙwabcina, wanda ke haɗa ƙwallayen silika ta hanyar Stöber ta 1968, hanyar da amoniya ce ginshiƙinta. Murfin kwalbar amoniyarsa ya tsage, ni kuma mura ta toshe mini hanci tun farkon wata.

“Na'urarka tana aiki tun ranar farko,” in ji shi. “Mai ita ne ba ya aiki.”

Ya ɗauki faifai guda ya kai bakin taga, muna kallo ya fara komawa rawaya. Sai ya tambaye ni ina sauran, domin yana son a auna su duka. Na dubi kwandon shara, wanda aka kwashe tun da asuba.