Kafin ka ce a sayo sabuwar kwamfuta, duba yadda kake zuba bayanan

Jama'a akwai abin da ke damuna da mu masu haɗa wa mutane ƙananan manhajoji na shago da makaranta da kemis, da zarar aiki ya yi nauyi sai mu ce ai kwamfutar ce ta tsufa, a ƙaro RAM, a canja laftof, alhali sau da yawa gyaran yana hannunmu.

Kwanaki wani ƙanina da ke riƙe lissafin wani shagon sari ya kira ni, ya ce Yaya tun la'asar nake zuba cinikin shekara 3 daga fayil ɗin CSV (fayil ɗin rubutu mai jera bayanai layi-layi) zuwa SQLite (manhajar ma'ajiyar bayanai), ga shi an kira magariba bai gama ba, kuma Alhaji har ya fara maganar sayen sabuwar na'ura. Na je na same shi ya tasa laftof a gaba ya yi tagumi, lambar layukan tana tafiyar hawainiya. Ina duba abin da ya rubuta na ga kowane layi da INSERT ɗinsa, wato umarnin shigar da shi, babu BEGIN a sama babu COMMIT a ƙasa, umarni biyun da ke buɗe tiransakshan su rufe shi.

To in ba ka buɗe tiransakshan da kanka ba, wato ka haɗa umarni da yawa su zama aiki ɗaya, SQLite ɗaukar kowane INSERT yake a matsayin aiki mai zaman kansa, sai ya tsaya ya jira faifai ya tabbatar masa an rubuta kafin ya ɗauki na gaba. Kamar mai kai hatsi rumbu mudu-mudu ne, kowane mudu sai ya hau ya buɗe ya zuba ya rufe ya sauko. Masu SQLite da kansu sun ce yana iya cin INSERT 50,000 a daƙiƙa ɗaya a kwamfutar gida, amma faifai mai juyi 7200 a minti ba ya wuce tiransakshan kamar 60 a daƙiƙa, ku lissafa da kanku, layi 500,000 a haka ya haura awa 2. Kalma biyun nan, BEGIN da COMMIT, muka ƙara muka sake farawa, kafin mu dawo daga masallaci ya gama.

Sai indeks, wato jerin da ke saurin nemo bayani a tebur, shi ma yana cin lokaci sosai don duk layin da ya shiga sai an gyara kowane indeks da ke kan teburin, gara ka cire su ka zuba kayanka sannan ka gina su sau ɗaya a ƙarshe.

Masu manhajar Microsoft Access ku ma haka ne, ku daina zagayen VBA (yaren shirin Access) layi-layi, ku haɗa fayil ɗin da Access ku kwashe shi da umarni ɗaya, kuma a kan faifan kwamfutar za ku yi ba kan filash ko folda ta netwok ba. Ku tuna fayil ɗin Access ba ya wuce 2GB, in an gama a yi Compact and Repair don a matse fayil ɗin. Ni dai tebur na wucin gadi nake fara zubawa, komai a matsayin rubutu, don in aka bar shi ya yi hasashe sai ya ɗauki lambar waya lissafi ce ya cinye sifilin farko, 0803 ta koma 803.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa kawai ka sa synchronous=OFF. Eh yana ƙara gudu, amma ma'anarsa SQLite ya daina jiran tabbacin faifai, in NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu fayil ɗin na iya lalacewa, kuma shaguna nawa ne a nan ke da UPS mai aiki? Wallahi bashin da Alhaji ke bin mutane na cikin fayil ɗin nan. In dole sai ka yi, yi a kan sabon fayil wanda in ya lalace za ka sake zubawa daga CSV, ka ajiye kwafin na asali a gefe tukuna.