Girman jiki da basira: abin da na gani a zaɓen 'yan wasan hokin ƙanƙara

A farkon shekarar 2023, cikin tsananin hunturu, wani maƙwabcina a birnin Regina na lardin Saskatchewan da ke Kanada ya matsa mini lamba har sai da na bi shi kallon wasan hokin ƙanƙara, alhali a lokacin ko faifan robar da ake bugawa ba na iya bi da ido saboda ƙanƙantarsa da tsananin gudunsa. Abin da yake so in gani shi ne wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Connor Bedard, wanda yake buga wa ƙungiyar matasan garin, Regina Pats, kuma kowa ya riga ya sallama cewa shi za a fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. Haka kuwa aka yi, domin ya kammala kakar da ci 71 a wasa 57, ƙungiyar Chicago Blackhawks kuma ta ɗauke shi na farko a watan Yuni.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daren nan shi ne waɗansu dattawa da na hango can sama a kusurwar filin, sanye da baƙaƙen rigunan sanyi, kowa da ƙaramin littafi a cinya da kofin gahawa a gefe. Jama'a suna ta ihu suna miƙewa, su kuwa ko tafi ba su yi ba. Maƙwabcina ya ce mini waɗannan su ne masu farautar 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi, kuma yawancinsu ba don Bedard suka zo ba, tun da ko makaho ya san inda za shi. Sauran yaran da ke cikin filin suka zo dubawa, waɗanda ba a san ko za su zama wani abu ba.

Tsarin zaɓen kansa ba shi da wuyar ganewa. Ƙungiyoyi 32 ne, ana yin zagaye bakwai a ƙarshen watan Yuni, wato ana ɗaukar yara kimanin 224 a shekara. Sai yaro ya cika shekara 18 zuwa ranar 15 ga Satumba na shekarar kafin ya cancanci shiga. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta gabata su ke fara zaɓa, sai dai ana yin ƙuri'ar sa'a a kan guraben farko domin kada wata ƙungiya ta riƙa faɗuwa da gangan tana da tabbacin samun gwarzon shekara. Tun 1975 gasar take da ofishinta na tantancewa wanda yake fitar da jerin sunayen yara daga sama zuwa ƙasa, sau ɗaya a tsakiyar kaka, sau ɗaya a ƙarshenta, kowace ƙungiya kuma tana da nata mutanen da suke shafe hunturu a kan hanya, daga ƙauyukan yammacin Kanada zuwa Suwidin da Finlan. Makonni kaɗan kafin zaɓen ana tara kusan yara ɗari a birnin Buffalo na Amurka, a auna tsawonsu da nauyinsu, a ɗora su a kan keken motsa jiki har waɗansu su yi amai, sannan ƙungiyoyi su zaunar da su ɗaya bayan ɗaya suna yi musu tambayoyi.

Da na fara fahimtar wasan sai na gane abin da dattawan nan suke rubutawa. Abu na farko shi ne zamiya a kan ƙanƙara: yadda yaro yake tashi a taku uku na farko, da yadda yake juyawa ya koma da baya ba tare da gudunsa ya ragu ba, domin wanda ƙafarsa take da nauyi da wuya ya rayu a tsakanin manya komai iya sarrafa sandarsa. Na biyu shi ne kaifin tunani, kuma shi ya fi wuyar aunawa. Suna lura ko yaro yana waiwayawa ya ga inda abokan wasansa suke tun kafin faifan ya iso gare shi, da abin da yake yi bayan an ƙwace masa shi, ko zai koma baya da gudu ko kuwa zai tsaya yana girgiza kai. Ɗan wasa ba ya wuce kimanin minti ɗaya a cikin fili kafin a canza shi, kuma a wasan minti 60 ɗan gaba mai kyau bai cika buga fiye da kashi ɗaya cikin uku ba, don haka kallo ɗaya ba ya isa a yanke wa yaro hukunci. Su kuma masu lissafi da kwamfuta suna gyara alƙaluma gwargwadon ƙarfin gasar da yaro yake bugawa, ta yadda ɗan shekara 17 da ya samu maki goma a tsakanin manya a Suwidin zai iya zama sama da wanda ya tara tamanin a tsakanin tsararrakinsa a Kanada.

Mu Hausawa muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tarihin wannan zaɓe ya sa ni shakkar maganar, aƙalla a kan yara 'yan shekara goma sha. A 1993 ƙungiyar Ottawa ta ɗauki Alexandre Daigle na farko bisa yaƙinin cewa ta samu gwarzon zamani, bai kuwa taɓa kaiwa inda aka yi zato ba, alhali Chris Pronger da aka ɗauka na biyu ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsaron baya na lokacinsa. Nail Yakupov, wanda Edmonton ta ɗauka na farko a 2012, ya bar gasar ya koma Rasha bayan kaka shida. A ɗaya ɓangaren, Pavel Datsyuk sai da aka tsallake shi a zaɓe biyu kafin Detroit ta ɗauke shi na 171 a 1998, shi ma don mai farautar ƙungiyar, Håkan Andersson, ya je duba wani yaro daban ne idonsa ya faɗa a kansa. Martin St. Louis ba wanda ya ɗauke shi ko da a zagaye na ƙarshe, an ce gajere ne, amma a 2004 shi aka ba kyautar gwarzon gasar kuma ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da Tampa Bay. Har gwajin ƙarfin jiki bai tsira ba: a 2014 an yi ta yi wa Sam Bennett dariya saboda ya kasa ɗaga jikinsa a kan ƙarfe ko sau ɗaya, ga shi a 2025 shi aka zaɓa gwarzon wasannin kofi lokacin da Florida Panthers ta lashe shi karo na biyu a jere.

Idan aka bi waɗannan kurakurai a hankali, mafi yawansu asalinsu ɗaya ne, wato kasa bambance yaron da ya riga tsararrakinsa girma da yaron da ya fi su basira. A tsakiyar shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Kanada, Roger Barnsley, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗanda aka haifa a watannin farko na shekara sun yi wa waɗanda aka haifa a ƙarshenta rinjaye sosai a manyan ƙungiyoyin hoki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ana raba yara rukuni-rukuni daga ranar 1 ga Janairu, don haka ɗan watan Janairu ya girmi ɗan watan Disamba da kusan shekara guda alhali rukuninsu ɗaya, kuma a shekara tara ko goma wannan tazara babba ce. Sai a ɗauki mai jikin a ce ya fi iyawa, a ba shi koci mafi kyau da wasanni mafi yawa, bayan shekaru kaɗan ya zama da gaske ya fi iyawar.

Nan ne tunanina ya koma gida, domin cutar da take damun ƙwallon ƙafa na matasa a Najeriya ita ce wannan, sai dai tamu ta fi muni saboda mu shekarun ma ba a da tabbacinsu. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, fiye da kowace ƙasa, amma babbar ƙungiyar ƙasar ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar kofin duniya ba. Ba na cewa shekarun bogi ne kaɗai dalili, kuma waɗansu daga cikin yaran, irin su Victor Osimhen da ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015, sun tabbatar da kansu a Turai. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a bakin fili ranar gwajin 'yan wasa ya san yadda ake yi: baƙo ya zo na kwana biyu, an tara yara ɗaruruwa, kowa ya samu minti ashirin, wanda ya fi ƙirji da dogon taku shi ke ɗaukar ido, ɗan siririn da yake ganin fili kafin kowa kuwa an ture shi sau biyu an manta da shi. Ba abin mamaki ba ne da hukumar FIFA ta fara amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin tantance shekaru a gasar 2009, wadda aka yi a Najeriya.

Akwai wani labari da nake yawan ba abokaina idan muna wannan muhawara. A 2022 wani mai tsaron baya ɗan Amurka, Lane Hutson, ya je tantancewar Buffalo ɗauke da takardar likita mai nuna cewa ƙasusuwansa ba su kai shekarunsa ba, ma'ana yana da sauran girma a gaba. Duk da haka ƙanƙantarsa ta sa aka yi ta tsallake shi har sai da Montreal ta ɗauke shi na 62, kuma a 2025 shi ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa na gasar baki ɗaya. A can yaro ne yake kawo shaidar ƙashi domin ya nuna jikinsa bai kai takardar haihuwarsa ba, a gida kuwa hukuma ce take duba ƙashi domin ta kama wanda jikinsa ya wuce takardarsa.

Don haka ban yarda da masu cewa Turawa sun fi mu idon gane gwani ba. Na zauna da kocin unguwa a Kano wanda zai kalli yaro minti biyar ya gaya maka abin da zai yi da ƙwallo kafin ta iso ƙafarsa, kuma ba na jin dattawan da na gani a Regina sun fi shi. Bambancin shi ne rubutu. A Kanada ranar haihuwar yaro ba abin musu ba ce, kowane wasa da ya buga tun yana ƙarami yana rubuce, kowane rahoto da mai farauta ya aika yana ajiye da sunansa da kwanan wata. Saboda haka idan an yi kuskure ana iya komawa a ga inda aka kauce, kamar yadda binciken Barnsley ya yiwu kawai don ranakun haihuwa suna nan a rubuce, kuma yaron da aka tsallake bana bai ɓata ba, alƙalumansa suna ci gaba da taruwa har wani ya sake dubawa baɗi. Ahmed Musa ba mai girman jiki ba ne, amma ƙwallo 18 da ya ci wa Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010 lamba ce da aka rubuta a gasar ƙasa, wadda kowa zai iya dubawa, kuma bayan kakar ne ya tafi VVV-Venlo ta Holan. Yaran da suke ƙasa da wannan mataki, a gasannin unguwa da na makarantu, ba su da irin wannan shaida.

Ba komai na tsarin nan nake sha'awa ba. Yaron da aka zaɓa ba shi da ta cewa game da garin da za a kai shi, abin da ba zai yiwu a ƙwallon ƙafa ba inda kasuwa take buɗe. Sannan hoki wasan masu hali ne, domin kuɗin takalmi da sanduna da hayar filin ƙanƙara da tafiye-tafiye yana tace 'ya'yan talakawa tun kafin wani mai farauta ya gan su, yayin da filin ƙasa na bayan makaranta a gida ba ya tambayar kowa ko sisi. Cewa kuma baiwar ta mutanen ƙasar sanyi ce kaɗai ba gaskiya ba ne. Rumun Ndur a Zariya aka haife shi a 1975, ya tashi a lardin Ontario na Kanada, ƙungiyar Buffalo ta ɗauke shi a 1994, shi ne ɗan wasan NHL na farko da aka haifa a Najeriya. Jarome Iginla kuwa, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, na 11 aka ɗauke shi a 1995 kuma ya yi ritaya da ci 625.

Ɗan maƙwabcin nawa yanzu shekararsa 15, siriri ne, an haife shi a watan Nuwamba, kuma ubansa da kansa yana cewa da wuya a taɓa kiran sunansa a ranar zaɓe. Duk da haka ran nan ya buɗe waya ya nuna mini shafin yaron a intanet, da tsawonsa da nauyinsa da wasannin da ya buga kaka bayan kaka. A daren na kira yayana a Kano na tambaye shi labarin ɗansa, wanda duk unguwa ake cewa babu kamarsa a tsakiyar fili, na ce ya aiko mini da duk abin da yake da shi domin in nuna wa wani kocin ƙwallon ƙafa a nan. Abin da ya iso ta WhatsApp bidiyo ne na daƙiƙa arba'in da aka ɗauka daga nesa cikin ƙurar yamma, tare da saƙon murya yana cewa in duba mai jar riga.