Kwafin lamba ba jabu ba ne

Jiya a majalisarmu ta bayan isha'i, nan Argungu, gardama ta kaure. Na ce yana burge ni yadda wasu gidajen tarihi a ƙasashen waje ke ƙera kwafin tsofaffin lambobin yabo na wasanni, su ajiye, har su sayar wa baƙi. Sai wani abokina ya ce, "Haba Malam, ai wannan jabu ne."

Ban yarda ba. Jabu shi ne a miƙo maka tagulla a ce zinariya ce. In an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kwafi ne, ina yaudarar take?

Ita kanta lambar Olamfik da muke kira ta zinare, rabon da a yi ta da zinariya zalla tun 1912. Azurfa ce ake shafewa da zinariya kamar giram 6. Muhammad Ali ma, da tasa ta gasar Rum ta 1960 ta salwanta, wata aka ba shi a Atlanta a 1996, jama'a suka yi ta tafi, ba wanda ya ce jabu.

A Atlantar nan ce fa Chioma Ajunwa ta ciwo mana zinare a dogon tsalle, 'yan ƙwallonmu, da su Garba Lawal da Tijani Babangida, suka doke Ajantina 3 da 2. Na tambayi ɗana, bai san ko ɗaya ba. Lambobin suna hannun masu su, haƙƙinsu ne. Kwafi kuwa yaro zai iya ɗauka ya juya, ya tambayi ta wace ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne namu na gida. Tun 1934 ake bikin kamun kifi. Wanda ya fito da giwan ruwa mafi girma daga kogin Matan Fada akan ba shi mota ko kuɗi, madalla, amma mota tana tsufa, kuɗi kuwa kun san halinsa. Me zai hana a ƙera lamba biyu, ɗaya ya tafi da ita gida, 'yar'uwarta a ajiye a gidan tarihin Kanta da sunansa da shekara da nauyin kifin? Haka 'yan kokawa da 'yan dambe da masu tseren kwale-kwale. Maƙera ba mu rasa su ba.

Abokin nawa dai har muka tashi bai sauko ba. Ya ce shi a ba shi motar, ni in riƙe lambar.