In ciwon Umma ya dawo karo na biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah 'yan uwa. Wannan nasihar ta waɗanda Allah ya jarrabi mahaifiyarsu da ciwon daji na ƙwan mace ce, an yi aiki an yi kemo wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sawa ta jijiya, an ce an samu sauƙi har gashi ya fara tohowa, sai bayan wani lokaci likita ya duba sikanin da gwajin jinin nan na CA-125 yace ciwon ya dawo kuma ya bazu a ciki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da farko dai a daina neman wanda za'a ɗorawa laifi. Yawancin matan da aka gano nasu a mataki na 3 ko na 4 yana dawo musu ko da an yi komai yanda ya kamata, kuma tun asali ba kasafai ake kama shi da wuri ba tunda alamunsa kumburin ciki ne da saurin ƙoshi da yawan fitsari, abinda kowa zai ce olsa ce kawai. To maganar "da mun kaita asibiti da wuri" a barta, Annabi (SAW) ya gaya mana cewa "da na yi kaza" tana buɗe ƙofar aikin shaiɗan. Balle kuma masu cewa ai jifa ne ko sammu, a nuna kishiya ko wata maƙociya da yatsa babu hujja, ga ciwo ga ɗaukar alhaki, kuji tsoron Allah.

Abinda yasa nake wannan rubutun shine karo na biyu ba irin na farko bane. A karon farko kowa ya zo, gida cike da 'yan dubiya da kulolin abinci, an buɗe guruf a WhatsApp kowa yana turo nasa. Yanzu kuwa an riga an sayar da fili, aljihu ya bushe, guruf yayi tsit, kowa ya gaji. Kuma wallahi tana gani. Uwa ce, fuskarka kawai zata kalla ta karanta abinda ke ranka. Shi yasa zakaji tana cewa "na dame ku ko", ko "ku barni haka nan, kuɗin nan ku biyawa yara makaranta". Akwai uwar da daga magariba take daina shan ruwa, ba don bata jin ƙishi ba, don kar ta tashi 'yarta cikin dare ta kaita banɗaki. Allah sarki. Babban aikinka yanzu ka cire mata wannan tunanin na cewa ta zame muku kaya.

Allah yace a suratul Isra'i aya ta 23 kar ka ce wa iyaye "uf". Mu ba ma furtawa da baki amma muna yi da jiki, tsaki ƙasa ƙasa in ta sake kira, yatsine fuska lokacin ɗauke robar amai, toshe hanci wajen canza zanin gado, ko kana gefenta amma ido na kan waya tana magana kana "uhm uhm". Ita da ta wanke naka shekara da shekaru tana yi maka wasa. In gajiya ta kama ka, wanda dole zata kama ka tunda mutum ne kai, fita waje ka sha iska kayi kukanka ka wanke fuska sannan ka dawo mata da fara'a.

Sai ku maza, dan Allah kuyi haƙuri da ni. Turo kuɗi ta waya alheri ne babba amma bai sauke maka nauyi ba. A gidaje da yawa 'ya mace ɗaya ce ke kwana asibiti, ita ce wanka ita ce layin karɓar magani, ga nata yaran ga miji ya fara ƙorafi, ku kuma sai kira da daddare "ya mai jiki". Wani sahabi Jahima ya zo yana neman shawarar fita yaƙi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko mahaifiyarsa na nan, da yace eh sai yace ya lizimce ta domin aljanna na ƙarƙashin ƙafafunta. Yaƙi fa aka ce ya ajiye, kai kasuwa ce ko ofis. Ku zauna ku raba kwana, a san wanda zai kaita kemo da wanda zai zauna ranar Juma'a, kuma matarka in tayi jinya alheri tayi maka, ka gode mata, uwar taka ce.

Ɓangaren asibiti kuma kar kuji kunyar tambaya. Likitoci suna duba tsawon lokacin da ciwon ya ɗauka kafin ya dawo, in ya wuce wata 6 bayan gama kemo sau da yawa ana iya komawa kan maganin kemo da ake kira carboplatin, in bai kai ba sai a nemi wani maganin daban. Ku tambayi likita kai tsaye me ake so a cimma, domin a wannan matakin yawanci burin shine a danne ciwon a ƙara mata kwanaki masu daɗi, ba lallai a kawar da shi gaba ɗaya ba, waraka kuma a hannun Allah take. In ciki ya tara ruwa har numfashi yana mata wuya ana zuƙe shi ta samu sa'ida. In ta fara amai ba tsayawa ga ba bayan gida ba tusa, ko zazzaɓi ya rufe ta bayan kemo, wannan ba na jiran gari ya waye bane, asibiti kai tsaye. Kuma kar ku hana ta morphine, maganin nan mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, in likita ya rubuta don tsoron wai zata zama 'yar ƙwaya ko zai gaggauta ajali, barinta tana murƙususu cikin dare ba haƙuri bane ba tawakkali bane. Sai dai yana ɗaure ciki, ku nemi a haɗa mata da mai sassauta bayan gida. Abinci ma kar a mata dole, cikin ya matse, cokali uku na kunu ko farfesu kaɗan kaɗan sau da yawa ya fi kwano guda da faɗa.

Ku kiyayi masu tallan magani a lasifika da TikTok da ke cewa suna narkar da kansa cikin sati biyu, a lokacin da zuciya ta yi rauni suke cin kasuwarsu. Ruƙya ta shari'a da zamzam da addu'a a yi ta yi, amma duk wani jiƙo ko gari da za'a bata a fara gayawa likita, domin adadin kemo ma da ƙarfin ƙodarta ake auna shi.

Maganar ɓoye mata gaskiya, ni dai ban goyi baya ba. Ba nace a je a jefa mata magana ba, a'a, amma in ta tambaya kar a yi mata ƙarya, a gaya mata gwargwadon abinda take son ji cikin lallashi. Wataƙila akwai bashi a kanta ko zubin adashi ko ajiyar wata a hannunta, ko wata 'yar uwa da suka yi shekaru basa magana tana so su yafi juna, ko wasiyya wadda shari'a ta bata dama har sulusin dukiyarta. Yin wasiyya ba ya jawo mutuwa, masu lafiya ma an umarce su da ita.

Ku taimaka mata da sallah, shi ne abinda yafi damun iyayenmu. Annabi (SAW) yace da Imrana bn Husain yayi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. In ruwa na cutar da ita ga taimama. In tana kukan ta daina tsayuwar dare da azumin Litinin da Alhamis, ku gaya mata hadisin Abu Musa a Bukhari cewa bawa in yayi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abinda ya saba yi yana da lafiya, zaku ga yanda fuskarta zata sake. Ku koya mata ta ɗora hannu inda ke ciwo tace Bismillah sau 3, sannan sau 7 "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhazir".

Ku kuma 'yan mata da ƙannen Umma, wani kaso na wannan ciwon gado ne ta ƙwayoyin halitta da ake kira BRCA1 da BRCA2, kuma yana da alaƙa da kansar mama, to duk sanda kika je ganin likita ki faɗa masa mahaifiyarki ko yayarki tayi, musamman in akwai wata a dangi da tayi na mama. Gwajin bakin mahaifa da ake yi a asibiti baya gano na ƙwai.

Allah ya bawa iyayenmu lafiya, ya sa kaffara ne, ya bawa masu jinya juriya da ladan ɗawainiya. Amin.